Hantar da Ke Shanye Sauti

Shekara ashirin da biyu ke nan ina cin abinci da kunnena. Aikina haɗa sauti ne. A kawo mini murya mai ƙura in tace ta, a kawo kiɗan da ya danne mai magana in sassauta shi. Duk wanda ya shigo ɗakin aikina, abin da yake fara lura da shi shi ne muryarsa ta mutu. Ko tafi ka yi ba abin da zai dawo maka, domin mun lulluɓe bangon da soso mai kauri, shi kuwa soso aikinsa ke nan, ya shanye sauti. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana za a ɗora mini na'ura a haƙarƙari, a ce mini hantata ta fara zama irin wannan bango ba.

Ina da shekara 41 aka fara ambata mini kitse a hanta. Ciwon kwiɓi ne ya kai ni, ana zargin tsakuwa a ƙoda, aka yi mini sikanin. Ba a ga tsakuwa ba. Can ƙasan takardar aka rubuta layi ɗaya: akwai kitse kaɗan a hanta. Likitan da ya duba ni ya karanta, ya dubi tumbina, ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan ba komai ba ne, mutane da yawa suna da shi. A dai rage teɓa." Na yi dariya, shi ma ya yi. Na ninke takardar na jefa a aljihun tebur, inda nake tara tsofaffin wayoyin makirfo.

Bayan shekara uku wani dalili ya sa aka sake yi mini sikanin a wani wuri daban. Wannan karon aka rubuta matsakaici. Wata biyu bayan nan, a gwajin lafiya na wurin aiki, aka sake rubuta kaɗan. Takardu uku, hanta ɗaya. Na zaɓi wadda ta fi mini daɗi na yarda da ita, kamar yadda kowa zai yi.

Sai daga baya na gane ba wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Sikanin na yau da kullum ba ya auna kitse, hoto kawai yake nunawa, sai idon mai dubawa ya yanke hukunci. Yakan jera hanta da ƙodar dama a allo ɗaya ya kwatanta haskensu. Idan hanta ta fi ƙoda fari sosai, ya ce akwai kitse. Idan bangon jijiyoyin jinin da ke cikinta ya fara dusashewa, ya ce ya yi matsakaici. Idan can ƙasan hantar ya yi duhu har ba a ganin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ya ce ya yi yawa. Duk da ido. Ni kuwa na san sharrin irin wannan aiki, domin na yi shekaru ina daidaita ƙarfin murya da kunne zalla kafin in koyi duba mita. Abin da kunnena zai ce ya yi daidai da safe, da la'asar in ya gaji sai ya ce a ƙara. Ga shi kuma na'urar sikanin ita ma tana da maɓallin ƙara haske da ragewa, kamar dai nawa na ƙara murya. Ƙari a kan haka, idan kitsen bai kai wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba, sau da yawa ido ba ya kama shi, alhali tun daga kashi 5 cikin 100 likitoci ke kiran hanta mai kitse.

Babu inda ke mini ciwo. Wannan ne ya fi yaudarata. Naman hanta ba ya jin zafi, sai in ta kumbura ta ja fatar da ke lulluɓe da ita. Ina dai jin gajiya, amma wane mai aikin dare ne ba ya jin gajiya? Nakan zauna awa goma, wani lokaci sha biyu, ban tashi ba sai don salla ko kewayawa, kwalbar abin sha mai zaƙi da sanyi kullum tana gefen hannuna na hagu. Ban taɓa ƙirga nawa nake sha ba. Yaron da ke share ɗakin ne ya san adadin.

Ina da shekara 46 gwajin jini ya nuna sugana ya tsaya a bakin ƙofa, bai zama ciwon suga ba amma ya kusa, hawan jini ya ɗan leƙo, sinadarin hanta da ake kira ALT kuma ya haura iyaka. Likitar da na samu a lokacin ba ta yi mini murmushin nan ba. Ta sa aka gwada ni cutar hanta ta B da ta C, babu ko ɗaya. Ta ɗauki shekaruna, da ALT, da ɗan'uwansa AST, da adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, ta haɗa su a wani lissafi mai suna FIB-4. Ta ce wanda nasa ya gaza 1.3 ana barinsa ya tafi, wanda ya haura 2.67 ana tura shi ga ƙwararru ba da wasa ba. Nawa 1.5. Ba ni nan, ba ni can. Ta ce, "Za mu daina zato, za mu auna."

A daren nan na gaya wa maiɗakina. Ta yi shiru tana ninke kayan yara, sai da ta gama ninke riga biyu sannan ta ɗago. "Maigida, zan tambaye ka abu, kada ranka ya ɓaci. Wannan aikin daren da kuke yi, akwai abin da kake sha wanda ban sani ba?" Wallahi tambayar ta soke ni fiye da sakamakon. Ban taɓa kai giya bakina ba. Amma ban ga laifinta ba, domin likitoci ma sun daɗe suna yi wa marasa lafiya wannan tambaya suna ƙin yarda da amsar. Sai a 1980 wani likita mai nazarin naman jiki, Jurgen Ludwig, da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka bayyana wasu mutane da hantarsu ta yi kama da ta mashaya alhali ba sa sha, suka ba abin suna. Sunan ya zauna sama da shekara arba'in da kalmar giya a cikinsa, ana cewa kitsen hanta wanda ba na giya ba. A 2023 manyan ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya shi zuwa MASLD, suna ɗora abin a kan ainihin tushensa: rikicewar yadda jiki ke sarrafa suga da mai, wanda ke tafiya da faɗin ƙugu, da hawan jini, da suga. Ana ƙiyasin kusan mutum uku cikin kowane baligai goma a duniya suna ɗauke da shi. Duk wannan daga baya na sani. A daren, rantsuwa kawai na iya yi mata.

An ce kada in ci komai na awa uku kafin gwajin. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya da na'ura mai allo. Ma'aikaciyar ta ce in kwanta rigingine, in ɗaga hannun dama in sa shi ƙarƙashin kaina don haƙarƙari ya buɗe. Ta shafa mini wani mai mai sanyi, ta lalubi tsakanin ƙasusuwa biyu da yatsa, ta dasa kan na'urar a wurin. Sai na ji ɗas, kamar yaro ya ɗalle ni da yatsa. Ba zafi. Ta jira, ta sake. Ɗas. Na fara ƙirgawa a zuci, ta ce sai ta sami goma masu kyau, waɗanda ba su yi ba na'urar da kanta take watsar da su. Duka-duka ba mu yi minti goma ba.

Na juyo da kaina na dubi allon. Lamba biyu ne manya. Ɗaya 7.4, da kPa a gefenta, wadda ban san ko mece ce ba. Ɗayar 331, a gefenta kuma an rubuta dB/m.

Na ɗago daga kwance har man ya shafi rigata, domin dB alamar desibel ce, ma'aunin ƙarfin sauti da nake aiki da shi kullum. "Malama, wannan desibel ne?"

Ta dube ni da mamaki. "Ƙwarai. Kai likita ne?"

"A'a, mai haɗa sauti ne."

Ta yi dariya ta ce to yau na zo gida. Na'urar sunanta FibroScan, wani kamfanin Faransa mai suna Echosens ke ƙera ta. Tun farkon shekarun 2000 aka fito da ita don auna taurin hanta. Ɗallin nan da nake ji girgiza ce ake turawa cikin naman, a bi ta da sauti a ga saurin tafiyarta, domin girgiza ta fi gudu a nama mai tauri. Wannan shi ne 7.4, da kilofaskal ake faɗinsa. A 2010 aka bayyana ƙarin wani awo a kanta, wanda suke kira CAP, shi kuma yana duba yadda sautin ke raunana yayin da yake ratsa hantar. Ɗigon kitsen da ke cikin ƙwayoyin hanta yana shanye sauti yana kuma warwatsa shi. Yawan kitse, yawan mutuwar sauti. Ma'aunin yana farawa daga 100 ya tsaya a 400.

Ban ji sauran bayaninta sosai ba, domin kaina ya riga ya tafi lissafi. Kunnen ɗan'adam yana tsayawa a wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa. Wannan na'ura tana aiki da miliyan uku da rabi. Desibel 331 a mita ɗaya yana nufin 3.3 a kowace santimita. Duk wanda ya taɓa riƙe maɓallin ƙara murya ya san cewa raguwar desibel 3 na nufin rabin ƙarfin sauti ya tafi. Wato duk santimita ɗaya da sauti ya yi a cikin hantata, ya bar fiye da rabin ƙarfinsa a can. Santimita huɗu ake aunawa. Bisa lissafina, abin da ke kaiwa ƙarshen wannan tazara bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin ba. A hantar da ke ba da 220, kusan ɗaya cikin takwas ne zai kai.

Shekara biyar ana ce mini kaɗan, matsakaici, kaɗan, ko gezau ban yi ba. Ranar da aka faɗa mini da harshen sana'ata, sai da na zauna a bakin gadon na ɗan jima kafin in iya ɗaure maɓallin riga.

Likitar ta karɓi takardar, sai na ga ta tsallake 331 ɗin da ya tayar mini da hankali ta sa biro a ƙarƙashin 7.4. Ta ce wannan ta fi damuwa da shi. Kitse kamar baƙo ne, yana shiga yana fita. Abin tsoro shi ne idan ya jawo kumburi, kumburi ya daɗe ya bar tabo, tabo ya taru hanta ta ƙandare. Yawan tabon ne ke nuna wanda zai shiga matsala nan gaba, fiye da yawan kitsen. Ƙasa da 8 ana ɗaukarsa da sauƙi, nawa yana ƙasa amma ba da nisa ba. Ta kuma faɗi abin da ban zata ba, cewa mafi yawan masu irin wannan hanta ba hantar ke kashe su ba, zuciya ce da jijiyoyin jini. Na tambaye ta ko ba za a ɗebi naman a duba ba, a huta da kokwanto. Ta ce allurar da ake sokawa tana ɗebo kusan kashi ɗaya cikin 50,000 ne na hanta, tana iya faɗawa inda ya fi kyau ko inda ya fi muni, ga haɗarin zubar jini ko da kaɗan ne, kuma ba abu ne da za a riƙa maimaita wa mutum duk wata shida ba. Na'urar MRI ta fi kowace iya faɗin kason kitse daidai, amma ba ko'ina ake da ita ba kuma ba a banza take ba. Shi wannan na sauti, amfaninsa shi ne za a iya yi, a sake yi, a jera lambobin a ga inda aka dosa.

Nauyina a lokacin kilo 96 ne. Ta ce rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 yana fara kwashe kitsen, amma kumburi da tabo suna son kashi 7 zuwa 10. Ta ba ni labarin wani bincike da aka yi a Kyuba aka wallafa a 2015, inda aka ɗebi naman hantar mutum 293 kafin su sauya ci da motsi, aka sake ɗibar na mafi yawansu bayan shekara guda. Cikin waɗanda suka rage kashi 10 ko fiye, tara cikin goma kumburin ya tafi, kusan rabi kuma tabon ya ja baya. Sai dai ƙalilan ne suka iya kaiwa wannan mataki. Wannan ɓangaren ma ta faɗa mini, ba ta ɓoye ba.

Ba zan cika ku da labarin yadda na yi ba, don ba wani sirri a ciki. Na raba gari da kwalbar nan, domin nau'in sugan da ake kira furuktos hanta ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin sarrafa shi, in ya yi yawa ta mai da shi kitse. Na rage ci da dare. Na fara tafiyar ƙasa ta minti arba'in kafin in shiga ɗakin aiki. Sati biyun farko kaina ya yi ta sara, na yi faɗa da mutanen da ba su yi mini komai ba. Na karya dokar sau da yawa. Bayan wata bakwai sikeli ya nuna 89, na koma na kwanta na ɗaga hannu. CAP ya ba da 289, tauri 6.3.

Daga nan kuma na kamu da wata cutar, ta son lamba. Mutumin da ya yi shekara biyar ba ya buɗe aljihun tebur ya koma mai son a auna shi kowane wata. Na ji labarin wani wuri da ke da sabuwar na'urar sikanin ta Canon, wadda ke nuna hoto kuma ta auna raunanar sauti a daidai inda aka zaɓa. Ban gaya wa likitata ba na je. Aka ba ni 0.68, da wani ma'auni daban: desibel a santimita a kowace megahaz, wato kowace girgiza miliyan ɗaya a daƙiƙa. Na ce ai wannan aikina ne. Na ninka da uku da rabi, na mai da shi mita, na sami 238. Daga 289 zuwa 238 cikin sati shida! Na shiga ofishinta da takardar kamar yaron da ya zo na ɗaya.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, idan na ɗauki murya da makirfo ɗinka, na sake ɗauka da na wani a wani ɗakin daban, zan iya cewa mai maganar ne ya sauya?" Na yi shiru, don da sandata ta doke ni. Kowane kamfani da hanyarsa. GE na da tasa, Samsung na da tasa. Ta Siemens tana haɗa raunanar sauti da yawan abin da naman ke watsowa baya, ta ba da amsa da kaso cikin ɗari don ta yi kusa da yadda MRI ke faɗa. Wasu kuma saurin sautin suke aunawa, domin ya fi tafiya a hankali cikin kitse, wajen mita 1,450 a daƙiƙa, alhali na'urorin sikanin suna ɗauka cewa a naman jiki 1,540 yake yi. Zurfin da aka auna, kaurin kitsen da ke ƙarƙashin fata, girman kan na'urar da aka yi amfani da shi, ko mutum ya ci abinci, duk suna taɓa sakamako. Ko a CAP ɗin kansa ba a gama daidaita baki a kan iyakar da za a ce akwai kitse ba. Wani babban nazari na 2017 ya sa ta a 248, wasu masana suna amfani da 275, wasu 288. Kuma na'urar ta fi gwaninta wajen cewa akwai kitse ko babu, fiye da rarrabe matsakaici da mai yawa. Bambancin desibel goma ko sha biyar tsakanin awo biyu ba labari ba ne.

A ra'ayina wannan shi ne abin da ya kamata a riƙa gaya wa mutum tun ranar farko, kafin a miƙa masa takarda. Lamba tana da kwarjini. Idan aka rubuta 331, mutum yana ɗauka an ƙirga ne ɗaya bayan ɗaya, ba 330 ba, ba 332 ba. Ni da na san mita tana rawa, na san allura ba ta tsayawa cak, sai ga shi na manta da duk wannan da abin ya zo kan jikina.

Akwai wani dattijo da muka sha haɗuwa a layin jira. Rannan ya nuna mini takardarsa yana murna, lambar kitsensa ta sauka ƙasa da tawa nesa ba kusa ba. Idona ya faɗa kan ɗaya lambar, ta tauri, na ga 21. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara sauƙi," na miƙa masa. A lokacin na riga na san cewa idan hanta ta yi nisa da ƙandarewa, kitsen kan ƙone ya ɓace da kansa, tabo ya gaje wurin. Ba hurumina ba ne in faɗa masa. Na ga ɗansa ya shiga da shi wajen likita, sun daɗe ba su fito ba.

Yanzu sau ɗaya nake zuwa a shekara, na'ura ɗaya, kuma in da hali ma'aikaciya ɗaya. Awo na uku ya ba da 262 da 5.8, ALT ya koma gidansa, suga ya ja da baya. Na huɗu, bayan wata huɗu da na yi ina aikin dare a kan wani babban aiki, kilo uku sun dawo, lambar ta hau 281. Maiɗakina ce ta karanta takardar a mota, ba ta ce komai ba, sai washegari na tarar da takalman tafiyata a bakin ƙofa an goge su.

Watan jiya na kai yayana. Ya girme ni da shekara shida, ya fi ni tumbi, yana shan maganin suga, kuma duk lokacin da na yi masa maganar sai ya ce shi babu inda ke masa ciwo. Da ƙyar ya yarda, shi ma don na ce zan biyo in ɗauke shi. Ma'aikaciyar ta gwada ƙaramin kan na'urar bai kai ba, ta sauya babba, wanda ke shiga zurfi. Ya kwanta yana ƙunƙuni, ya ɗaga hannu. Da ɗallin farko ya zabura.

"Kai, mene ne wannan?"

"Kwanta, Yaya," na ce. "Saura tara."